Hannun da Ka Ɗaga Rabi a Ɗawafi

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga autana Sama'ila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin jirgi ka buɗe ta, ko ka riga ka sauka ƙasar Japan. Allah ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Ummanka ce za ta cusa ta a jakarka, ƙarƙashin dabino da yajin da ta daka maka, don haka in ka ji takarda tana sa ka atishawa, ka san dalili.

Na san Larabci ya fi gudu a bakinka, Hausa kuwa sai ka bi ta a hankali, kamar mai saukowa daga dutsen unguwarmu Nakkasa da silifas. Ka yi haƙuri ka bi ta hakan. Larabcina na ciniki ne da tambayar hanya, ban iya faɗin ciwo da shi ba.

Ina zaune a saman ɗakinmu bayan la'asar, inda na saba shan iska. Tattabarun Harami suna ta wucewa, dogon benen agogo yana can tsakanin ƙarafan gini. Kwanakin nan da na zauna sai hankalina ya tashi ya tafi filin wasan nan da ka nuna mini a waya. Rabona da ganin ciyawa kore shar irin wannan tun fadamar ƙauyenmu ta ƙasar Kazaure, da damina, kafin in biyo ayarin alhazai. Sai in riƙa ganinka a kan ɗan tudun nan na tsakiya, da hular nan taku hana-sallah, ka ɗaga ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ka saki ƙwallo, mai sanda ya kai duka ya sari iska. Sai in ji ina murmushi ni kaɗai. Har yau ban gane dokokin besbol ba. Sau uku kana yi mini bayani, sau uku ina gyaɗa kai, duk ƙarya nake yi. Abin da na riƙe shi ne kai mai jifa ne, kuma da hannunka na dama za ka ci abinci.

Shekara uku ka yi a gabashin ƙasar nan kana share ɗakin ɗaga ƙarfe na ma'aikatan ƙasashen waje, kana shiga wasansu ranar hutu, har Allah ya sa wani ya ga jifanka ya kai labari ƙasarsu. Yanzu ga ƙungiya ta kira ka gwaji na wata shida. Na yi farin ciki, ɗana, wallahi na yi, har na rasa inda zan sa kaina. Amma akwai abin da na gani shekaranjiya da ya hana ni sakewa.

Da muka je ɗawafin bankwana, kana gabana kaɗan. Duk lokacin da muka zo saitin Hajarul Aswad kowa yana ɗaga hannun dama ya yi kabbara. A zagaye na farko naka ya kai kunne. A na uku ya tsaya a kafaɗa. A na shida rabi ka ɗaga, ka cije leɓe, ka waiga ka ga ko ina kallo. Ina kallo kuwa. Da muka fito, ka sunkuya ka ɗauki jarkar zamzam da hagu.

Na ce, "Sama'ila, me ya sami hannun?"

Ka ce, "Ma fi shai, Abuya. Babu komai, wallah, gajiya ce bas."

Na ce, "Tun yaushe gajiyar?"

Ka ce, "Abuya, halas, ya isa haka, kar Umma ta ji."

Na bar maganar saboda mahaifiyarka tana biye da mu. Amma na san abin da ke ranka sarai. Kana tsoron in ka faɗa wa masu horar da kai cewa kafaɗarka tana ciwo, za su mayar da kai jirgi tun kafin ka jefa ƙwallo ɗaya. Shi ya sa ka ƙudurta za ka ɓoye, ka yi ta jifa a haka har gwajin ya ƙare. Ni kuma ina tsoron in ka yi haka, za ka dawo mini da hannu irin nawa. Saboda wannan na zauna rubutu. Ba ni da labarin gari da zan ba ka, sai labarin wautar da na tafka, ɗaya bayan ɗaya.

Kai ka taso ka gan ni ina tura keken alhazai, kana zaton da ma can aikina ke nan. A'a. Ni ɗan shibriyya ne. Ba ka riske ta da wayo ba. Wani ɗan gado ne na katako mai makari, a zaunar da tsohon da ba ya iya tafiya a ciki, mutum huɗu su ɗora a ka bisa gammo, kowa da kusurwarsa, hannu a sama yana riƙe da katakon. Haka za a yi zagaye bakwai, a wuce Safa da Marwa. Tawa kusurwar ta gaba ce, hannun dama a miƙe tun daga farko har ƙarshe.

Ba na son ka ɗauka wahala kaɗai ce. Akwai wani abu a ƙarƙashin shibriyya da ban sake samu a ko'ina ba. Ba ka ganin Ka'aba sosai, fararen harami kawai kake gani suna juyawa. Daɓen yana da sanyi a tafin ƙafa. A samanka kuma wata tsohuwa daga ƙasar da ba ka taɓa jin sunanta ba tana addu'a da yarenta tana kuka, kana jin kukan yana saukowa ta cikin katako har cikin ƙashin wuyanka. Wani lokaci sai in manta da nauyi, in ji kamar mu huɗun nan ruwa ne ke tafiya da mu. Har yanzu in barcin rana ya ɗauke ni, can nake komawa.

Ba a haɗa 'yan shibriyya da abota ko 'yan'uwantaka, da tsayi ake haɗa su. Ranar da aka haɗa mu, an jera mu a jikin bango, aka ɗora dogon katako a kawunanmu, aka ɗora kwanon ruwa a tsakiya a ga ko zai karkata. Bai karkata ba. Ni ne, da Sale, da Mamman, da babbanmu Yaya Buba, mutumin Adar, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin. Dukanmu dogaye ne, kuma dogo huɗu masu tsayi ɗaya ba a tsintar su a bakin titi. In ɗaya ya kwanta, sauran ukun sun zauna ke nan sai an samo wani, aikin hajji kuwa ba ya jiran kowa. Ka riƙe wannan, don shi ne tushen babbar wautata.

Amma bari in fara da ƙaramar. A lokacin ni ƙato ne. Damtsena ya kai cinyar wani, kuma ina so a gani, har hannun riga nake naɗewa ko ba zafi. Yaya Buba kuwa siriri ne, ka ce iska za ta tafi da shi. Kullum da hantsi kafin mu sauka Harami, sai ya ɗaura robar cikin tayar keke a ƙarfen taga, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙa jan robar nan a hankali, ciki da waje, kamar mai buɗe ƙofa kada jariri ya farka. Ni kuma ina gefe ina ɗaga bulo biyu, ina dariya.

Na ce, "Yaya Buba, wannan ai wasan mata ne. Ko zare za ka kaɗa?"

Ya ce, "Idi, naman da kake nuna wa mutane ba shi ke riƙe kafaɗa ba. Akwai 'yan ƙanana a ciki, ba a ganinsu. Su nake ba abinci."

Na ce, "To Allah ya ba su lafiya, a gaishe su."

Su Sale suka kwashe da dariya, na ji daɗi. Yaya Buba ya ci gaba da jan robarsa. Ya kai shekara sittin yana ɗaga hannu sama, ni ban kai arba'in ba.

Ka tuna ranar da ka zazzage jakarka a tsakar gida, wasu robobi masu launi suka faɗo? Na tambaye ka na mene ne, ka ce, "Mudarrib ne, mai horar da mu, ya ba ni, Abuya, kalam fadi, aikin banza. Ni ƙarfe nake ɗagawa." Muryata na ji a bakinka. Ka ja robar nan, ɗana. Ka ja ta kullum, kafin jifa da bayan jifa, yadda mai horarwa ya ce, ko da samari suna yi maka dariya. Ƙarfe yana da ranarsa, ban hana ka ba, amma a ɗora maka shi da awo, ba don a gani a madubi ba. Aikin da ba ya sa gumi, ba ya kumbura damtse, shi saurayi yake rainawa, kuma shi ne na raina.

Wauta ta biyu, da hannu nake ɗaukar kaya. In aka ce "Bismillah, a ɗaga," sauran ukun sai su durƙusa, baya a miƙe, su tashi da ƙafa. Ni kuwa fizgowa nake yi da ƙarfin hannu, in tallafe kusurwata sama da gammo, don in nuna ko kai ba na buƙata. Wata rana muka ɗauko wani alhaji mai jiki, Allah ya jiƙansa in ya rasu, katako har ƙara yake yi. Muna zagaye na biyu Yaya Buba ya yi magana daga bayana, ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Sauke shi a kanka. Bar shi ya bi ta wuya, ya bi ta ƙugu, ya shiga ƙasa. Hannu jagora ne kawai, ba jaki ba ne."

Na ji, amma ban ɗauka ba. Da ka nuna mini hoton jifanka na ce a mayar da shi baya sau da yawa, ka ɗauka sha'awa ce kawai. Ƙafarka nake kallo. Ban san wasanku ba, amma na san jiki. Jifan da ya fito daga ƙasa, ya bi ta cinya da ƙugu kafin ya iso hannu, shi ne mai daɗewa. In ka gaji sai ka bar ƙafa a baya, ka fizga da kafaɗa kaɗai, na gani da idona a jifanka na ƙarshe-ƙarshe. Saboda haka in sun ce yau ba jifa, gudu za a yi da tsallen kwaɗo da tsuguno, kada ka ɓata rai ka ce ba abin da ya kai ka Japan ke nan ba. Shi ya kai ka. Kai da ka girma kana hawa matakalar unguwar nan da jarkar ruwa, ƙafa ba ta gagare ka ba, ka ba ta aikinta.

Ta uku kuwa, ban san hutu ba. In alhazai suka watse, Mina ta koma tantuna babu kowa, Yaya Buba sai ya yi wata guda ba ya ɗaukar ko buta mai nauyi. Ya ci, ya sha ruwa, ya yi barci, ya yi tafiyar ƙafa da yamma. Muna ce masa malalaci. Ni kuwa washegarin tafiyar alhazai ina kan dutse da buhun siminti a kafaɗa, ina kai wa masu gini inda mota ba ta hawa. Shayi da burodi ne abincina, ruwa sai ƙishi ya kai ni bango. Ina ganin jiki kamar ƙarfe ne, amfani ke hana shi tsatsa. Ashe ya fi kama da gona, wadda in ana nomanta rani da damina ba taki sai ta daina bayarwa.

Ka ce mini a can ana ƙirga wa mai jifa jifansa, in ya cika adadi a cire shi ko yana kan ganiya, a ɗaura masa ƙanƙara, ya yi kwanaki bai sake jifa ba. Ka faɗe shi kana tsaki. Ni da na ji, sai na lumshe ido ina tunanin a ce akwai wani mutum a bakin Harami da littafi, yana ƙirga mana zagaye, ya ce, "Idi, ya isa, je ka zauna a inuwa." Da na zage shi a lokacin, na sani. Yau da na gan shi sai na sumbaci kansa. Kada ka saci jifa a bayan idonsu. In sun ce kwanta, ka kwanta. Ka ci abin da suka tsara maka matuƙar halal ne, ko ba ya da ɗanɗano, ka barbaɗa yajin Ummanka. In azumi ya zo, ka zauna da mai horarwa tun da wuri ka gaya masa, ku gyara lokacin atisaye tare, kada ka bari sai ya ga kana jiri a fili.

Yanzu ga babbar.

Saura kwana kaɗan a hau Arfa, shekarar da kake rarrafe. Muka sunkuya za mu ɗaga wata tsohuwa, ba ta ma da nauyi, sai na ji wani abu ya ce tas a cikin kafaɗata, kamar an tsinke zaren buhu. Zafin bai yi yawa ba a ranar. Washegari na kasa sa riga sai da mahaifiyarka ta taimaka mini.

Ta ce, "Malam, ka je asibiti mana."

Na ce, "Iska ce ta shiga. Kar ki gaya wa kowa."

Ka ga, kusan kalmominka ne. Abin da na lissafa a raina shi ne, in na faɗa, su Yaya Buba za su zauna, ga iyali, ga hajji ya zo. Wa zai samo musu dogo mai tsayina cikin kwana uku? In kuma an samo shi, ya riƙe kusurwar ke nan, ni na tashi a tutar babu. Sai na ce wa kaina don su nake yi. Gaskiya rabi don su ne, rabi tsoron kada a ce Idi ya gaza.

Na je wurin wani mai lalas a bayan titin Mansur. Ya sa ƙusa a wuta har ta yi ja, ya ɗana mini a wuri uku. Tabon nan da kuke tambayata kuna yara, ina ce muku faɗuwa na yi, shi ne. Zafin ƙuna ya danne zafin ciki, na ce na warke. Na shafa man zafi, na ɗaure da rawani a ƙarƙashin riga, na koma kusurwata. Dabarar da na ƙirƙiro ita ce, kafin a ɗaga sai in kama hannun dama da na hagu in ɗora shi a kan katako, in maƙale yatsu, kada ya sauko sai an gama. Haka na yi hajjin nan duka. Haka na yi Ramadan na gaba. Kullum ina cewa bayan wannan zan je a duba, kullum sai wani aikin ya zo.

Yaya Buba ya tambaye ni sau biyu. Na farko na ce gajiya ce. Na biyu na yi fushi, na ce ko so yake ya kawo ɗan garinsu ya maye gurbina. Allah ya yafe mini wannan magana.

Ranar da abin ya faru, wani dattijo muka ɗauko, fari fat da gemu, yana riƙe da carbi. Muna zagaye na biyar, jama'a ta matso, aka ɗan ture mu. Irin turin da kullum ake yi ne, hannu ke gyara shi ba tare da mutum ya sani ba. Na aika wa hannun saƙo, bai amsa ba. Yatsun suka saki, ya faɗo jikina kamar ba nawa ba. Katako ya zame daga gammona, shibriyya ta karkata, na ga ƙafar dattijon tana zamowa ta gefen fuskata. Yaya Buba ya yi wuf ya tura wuyansa ƙarƙashi, ya karɓi nauyin mutum biyu a karkace. Mutane suka tare tsohon kafin ya kai ƙasa. Bai ji ciwo ba, Allah ya kiyaye, amma ya yi ta kuka yana kiran sunan Allah, carbinsa ya tsinke ya watse a ƙarƙashin ƙafafu. Har yau ina jin ƙarar 'ya'yan carbin nan a daɓe.

Da muka fito waje, Yaya Buba ya zauna a ƙasa yana riƙe da wuya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

Ya ce, "Tun yaushe, Idi?"

Na ce, "Tun hajjin bara."

Ya ce, "Shekara guda muna ɗora iyayen mutane a kan hannun da ya mutu, kai ka sani, mu ba mu sani ba."

Na ce, "Don ku na yi, Yaya."

Ya ce, "Da ka tambaye mu. Da mun zauna wata biyu mun jira ka. Yanzu wa za mu jira?"

Likitan da ya duba ni daga baya ya ɗaga hoton a fitila ya daɗe yana kallo. Ya ce jijiyar ta fara da 'yar tsaga, irin wadda hutu da motsa jiki na asibiti ke gyarawa, ni na yi ta ja har ta rabu ta janye. Ya ce yanzu ko an ɗinke ba za ta koma yadda take ba. Yaya Buba kuwa bai sake juya wuya sosai ba har ya koma ga Allah. Mutum ukun da na ce ina karewa, su na fara kayarwa.

To ka ji, Sama'ila. Ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara ba ce, umarni ne na uba. Ranar farko, kafin ka taɓa ƙwallo, ka nemi mai kula da jikin 'yan wasa. In babu tafinta, ka kama hannunsa ka ɗora a wurin. Ka gaya masa ranar da ya fara, da irin jifan da ke tayar da shi, da inda hannun yake tsayawa in ka ɗaga. Kada ka rage ko kaɗan don a ce kai jarumi ne. Ka bari su ɗauki hoto. Mutanen nan aikinsu ke nan, sun ga kafaɗu fiye da yadda na ga alhazai, kuma ko ka ɓoye za su gane, sai dai su gane a makare, su kuma gane kai maƙaryaci ne.

Ba zan yaudare ka ba, mai yiwuwa su ce ka huta wata biyu su jira ka, mai yiwuwa kuma su ce ka koma gida. Ban san zuciyarsu ba. Na san kana tuna walimar da aka yi maka a lungunmu, da yadda samarin Nakkasa suka ɗaga ka sama, kana jin kunyar dawowa hannu rabbana. Bar su. Za su yi magana kwana uku, a na huɗu wani abin ya ɗauke musu hankali, ga shi ma ana ta shafa wa gidaje jan fenti za a rushe. Kai shekararka ashirin da ɗaya. In kafaɗar ta warke, wanda ya ga jifanka sau ɗaya zai iya sake gani, ko wani ya gani. In ta rabu, babu sauran abin da za a gani. Ka dawo mini ba ƙungiya, zan tare ka a Jidda da farin ciki. Kada dai ka dawo kana ɗora hannu ɗaya da ɗaya.

Saura abu guda, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka.

Kana da shekara biyar, ranar ƙaramar sallah da safe, na kai ka Harami. Jama'a ta cika maƙil, kai kuma ba ka ganin komai sai bayan riguna. Kowane uba ya ɗora ɗansa a wuya. Ka ja rigata, ka ɗago kai, ka ce, "Abuya, shilni. Ɗauke ni in ga Ka'aba." Yayyenka duka na ɗora su a wuyan nan, ka sha jin suna ba da labari. Na sunkuya, na sa hannu a hammatarka, na gwada. Ka tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, hannun ya ƙi. Sai na sake ka, na ɗaure fuska, na ce, "Kai jariri ne? Tsaya da ƙafarka." Idonka ya kawo ruwa. Wani bawan Allah da ke gefenmu, ban san shi ba, ya ɗauke ka ya ɗora a kafaɗarsa. Ka ga Ka'aba, ka yi ta nunawa da yatsa kana dariya, kana riƙe da kan wani mutum. Ni ina tsaye a ƙasa ina kallon ƙafafunka.

Daga ranar ba ka sake cewa in ɗauke ka ba. Na san ka girma kana ganin ni mai tsauri ne a kanka, ko ban so ka kamar yayyenka ba. Ba ƙi na yi ba, ɗana. Kasawa na yi, kunya ta sa na mayar da ita faɗa. Ka yafe mini. Ban damu ko sunanka zai fito a talabijin ba. Ina so wata rana ɗanka ya ja rigarka a cikin taro, ka sunkuya ka ɗaga shi sama ba tare da ka yi tunani ba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar buɗe baki. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, ya sa hannun masu duba ka ya zama sanadin waraka. Ya tsare maka sallarka da cikinka da harshenka a baƙuwar ƙasa, ya raba ka da sharrin hanya da na mutum. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka. In ka faɗa musu, ka kira ni, duk abin da suka ce.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Idi
Nakkasa, Makka